Kwalbar Malam Iro

Duk shekara sai an turo mini sababbin likitoci masu son shiga bincike, kuma duk shekara tambayarsu ɗaya ce. Ba wanda ya taɓa tambayata yadda ake riƙe hannun tsoho a sami jijiya. Abin da suke son sani shi ne yadda sunan mutum zai riƙa fitowa a ƙasan takardun wasu, a ce an kafa hujja da shi a ƙasar da bai taɓa takawa ba. Na bana har gida suka biyo ni Tudun Wada, su uku, da riguna masu karin guga kamar za su ɗaurin aure. Mai baki a cikinsu, Dokta Sadik, ya juyo mini da fuskar wayarsa yana nuna mini yadda ake jera masu bincike, wane a sama, wane a ƙasa.

"Hajiya, ai yanzu abin ya yi sauƙi," in ji shi. "Komai yana kan kwamfuta. Mutum ya tattara, ya rubuta, ya aika. Kafin damina ta fita an gama."

Na ce masa ya ajiye wayar ya sha zoɓonsa. Ga amsar nan na rubuto muku, tunda a baki ba ku da haƙurin saurare.

Sana'ata binciken cutukan jini ne da na hanji. A takarda sunan yana da tsawo da kwarjini. A unguwa kuwa likitar kashi suke ce mini a bayan ido, kuma ban taɓa jin haushi ba, don ba su yi mini ƙarya ba.

Aikina na farko wankin kwalba ne. Na fito da takardar likita a hannu, kaina ya yi girma, sai farfesan da na koya a wurinsa, wani dogon mutum marar fara'a, Allah Ya jiƙansa, ya nuna mini baho da sabulu. Ban taɓa madubin awo ba sai da fatar yatsuna ta saɓule. Daga nan ya koya mini shimfiɗa jini a fallen gilashi: ɗigo ɗaya, ki kawo gefen wani gilashin ki ja shi a tashi guda, ba tsayawa, ba rawar hannu. In ya yi kauri ƙwayoyin su hau kan juna, in ya yi sirara su farfashe. Sai ya ɗaga nawa saitin taga, ya yi masa kallo ɗaya, ya jefa a baho. Na yi kuka a bayan ɗakin nan har na gaji na daina. Ranar da ya ɗaga gilashina ya ajiye shi a kan tebur maimakon baho, ita ce ranar da na san na kama hanya, kuma ko a ranar ma bai ce madalla ba.

Bayan gida kuma karatunsa daban. Kafin ki ɗauki tsinke, sai kin duba da ido, kin ji da hanci. Launi yana magana, tauri yana magana, abin da ciki ya kasa narkarwa ma yana magana. Sannan ki lakato ɗan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ki dama da ɗigon ruwan gishiri, ki rufe, ki sunkuya a kan madubi har wuyanki ya sage. Ku yanzu sakamako kuke so a kawo muku a kan takarda, ba kwa son wari. Na ga wani cikinku ya sa safar hannu biyu da takunkumi don kawai zai ɗauki kular da aka zo da kwalabe, kuma kular a rufe take.

Kowane mai sana'a yana da masu zuwa wurinsa, amma namu ba sa son zuwa. In kin ce jini, sai a ce sayarwa za ki yi. Na sha zama a tsakar gida ina nuna wa uwar yaro mai sikila cewa abin da zan ɗiba bai cika cokalin shayi ba, kafin ta sakar mini hannunsa. In kuma ciki ne, to kowa ya riga ya san cutarsa, basir ne. Mai gudawa basir, mai kumburi basir, mai ramewa basir. Duk da haka jini mai sauƙi ne, don mutum yana miƙa hannu a gaban jama'a ba abin da ya ragu a jikin girmansa. Ki miƙa wa dattijo kwalba ki gaya masa abin da zai zuba a ciki, a nan za ki san ko kin iya sana'ar.

Wani aiki da muka yi a nan Tudun Wada shi ne abin da nake so ku ji. Na lura dattijan unguwa da yawa tafin hannunsu ya yi fari, suna haki tsakanin gida da masallaci. Jini yana tafiya wani wuri, muna son sanin ina. Muka raba aikin biyu. Ni na ɗauki jini, abokin aikina Dokta Bashir ya ɗauki hanji. Mutum ne mai kaifin kai da saurin alƙalami, Turanci a bakinsa kamar ruwa, sai dai bai taɓa zama a zauren kowa ba. Da aka zo neman wanda zai bi gida-gida yana raba kwalabe yana karɓowa, ya ɗauko Habibu, wani ma'aikacinmu haifaffen unguwar.

"Ba gidan da ba a san shi ba," in ji Dokta Bashir, yana jin ya yi dabara.

"Matsalar ke nan, Dokta," na ce. "Wannan ya goya shi, wancan ya koya masa karatu, wani kuma 'yarsa yake aure. Wa zai miƙa masa?"

Ya yi dariya. "Hajiya, kin cika cusa al'ada a cikin kimiyya."

Wanda Habibu ke auren 'yarsa shi ne Malam Iro, tela a bakin kasuwa, wanda ya ɗinka wa duk 'ya'yana kayan makaranta. Ko abinci Habibu ba ya iya ci a gabansa. In suka haɗu a hanya, daga nesa yake cire takalmi ya durƙusa. Wannan shi ne mutumin da aka ce Malam Iro ya shiga banɗaki ya fito ya danƙa wa kwalba a hannu. Kuma a cikin duk dattijan da na ɗebi jininsu, na Malam Iro ne ya fi ba ni tsoro, don ya yi ƙasa ƙwarai.

Kwalabe suka dawo cike, ba wadda ta dawo wayam. Dokta Bashir har da zuwa ƙofar ɗakina ya nuna mini kular, wai in ga al'adar tawa. Aka duba, sai ga ƙwan tsutsa birjik, har da irin mai tsotsar jinin nan da ke shiga ta tafin ƙafa. Shi ke nan, ya sami amsa mai kyan gani: tsutsa ce ke shanye jinin tsofaffin Tudun Wada. Aka raba musu maganin tsutsa da na ƙarin jini, kowa ya yi godiya.

Ni kuwa jinin da ke hannuna bai yarda ba. Akwai wasu fararen ƙwayoyi da sukan yawaita a jinin mai irin wannan tsutsa, kuma a gilashin dattijan nan ban ga sun motsa ba. Na je na ɗauko kwalbar da ke ɗauke da sunan Malam Iro na buɗe da kaina. Kafin ma in kai ga madubi na ga zaren goruba da ɓarɓashin aya. Malam Iro haƙoran da suka rage masa ba za su iya da tsire ba, balle goruba. Koko da tuwo mai laushi ne abincinsa. Na bi sauran kwalaben tsofaffin, na tarar da yawa haka suke, na yaran gida ne masu yawo ba takalmi.

Na kai wa Dokta Bashir. Ko leƙa kwalbar bai yi ba.

"Sunan da ke jikin kwalba shi ne mai kwalba," ya ce. "In muka fara tambayar haƙoran mutane, yaushe za mu gama?"

Na ce to, jinin yana firiza, shi zai raba mu, zan sake awonsa gaba ɗaya in jera masa gefe da gefe. Na kuma tafi shagon Malam Iro da la'asar. Na same shi ya jingina da bango, ɗinki a ƙarƙashin allura, ƙafa a kan keken ɗinki amma ba ta taka shi.

"Baba, yaya ƙarfin jiki?"

"Da godiya, Likita. Ƙafar ce dai ta daina bin keke. Amma ina shan maganin, ba na fashi."

Na rage murya. "Baba, kwalbar nan da aka kawo mana, taka ce?"

Ya daɗe yana gyara zare a allura. "Ai sunana ne a jiki," ya ce. Sai ya tambaye ni ko ƙaramar tawa ta shiga sakandare.

Na roƙe shi ya zo asibiti a duba cikinsa. Ya ce me za a duba, tunda likita ya riga ya gano cutar har ya ba da magani? Abin da amsar ƙarya ke yi ke nan, ku da kuke saurin bugawa. Da ba a ce masa komai ba, da tsoro ya kawo shi. Amma an ba shi suna mai sauƙi da ƙwaya mai arha, ya sami inda zai fake. Ni kuma mace ce, sa'ar 'yarsa, ba ta yadda zan sake maimaita masa wannan tambaya. Na koma, na sake komawa, kullum sai ya tarbe ni da hirar yara.

Sai muguwar shekara ta zo. Taransifomar da ke ba mu wuta ta ƙone, janareta ya tsaya ba mai gyara, aka kuma shiga yajin aiki aka garƙame ƙofa. Na yi ta yawo ofis-ofis ina neman a bar ni in kwashe abin da ke firiza, kowa ya ce ba shi ne da makulli ba. Ranar da aka buɗe, tun daga baranda wari ya gaya mini. Jinin da na bi gida-gida na roƙa, na dattijai da na yara masu sikila na shekara da shekaru, ya narke ya zama baƙin ruwa. Da hannuna na kwashe, na wanke firizar, na koma baho kamar ranar farko. Na ji baƙin cikin da ban taɓa jin irinsa a aiki ba. Sakamakon Dokta Bashir kuwa a takarda yake, takarda ba ta ruɓa. Ya zauna a gida cikin yajin ya rubuta, ya aika wata mujalla ta waje. Ya nemi ya sa sunana, na ce ya cire. Suka buga, da yabo.

Wata safiya ina cikin keken haya zan wuce unguwar Kongo, na hango Malam Iro a kan benci ƙarƙashin wata bishiya, ba riga, an kafa masa ƙaho a baya. Mutumin da jininsa ke ƙarewa, ana kuma tsotse ragowar. Na tsayar da mai keken, na sauko da niyyar in yi faɗa. Kafin in ƙarasa sai na ja na tsaya, don na ga abin da ban taɓa gani ba. Malam Iro da ko hularsa ba ya cirewa a gaban mutane, ga shi tsirara daga ƙugu zuwa sama, wanzamin yana zolayarsa yana ramawa. Na juya ban bari ya gan ni ba.

Da yamma na nemi wanzamin, Malam Tanko. Na fara da ƙahon, na ce don Allah ya daina, mutumin nan ba shi da jinin zubarwa. Ya ɓata rai, ya ce tun ban zo duniya ba yake wannan aiki. Na bar shi ya gama, sannan na fito da kwalba na gaya masa abin da nake nema, da dalilin da ya sa ba a samu ba. Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya tuntsire da dariya.

"Surukinsa kuka aika masa? Kai, 'yan boko. Kawo nan. Ni da Iro rana ɗaya aka yi mana kaciya, ya fi ni kuka. Me zai ɓoye mini?"

Washegari ya zo da ita a cikin zabirarsa, tsakanin asake. Na buɗe. Baƙi ƙirin kamar kwalta, da wani ƙarni da duk wanda ya taɓa jinsa ba ya mantawa. Ba ƙwan tsutsa ko ɗaya. Jini ne tsantsa yake tsiyaya daga can cikin hanji, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Malam Tanko ne ya sa Malam Iro a gaba har asibiti, yana ce masa ragon maza, ya kuma zauna a bakin ƙofa har aka gama dubawa. Aka yi masa ƙarin jini, aka shiga da shi tiyata. Likitan da ya buɗe cikin ya fito ya same ni a baranda, ya ce ciwon daji ne a babban hanji, kuma ya riga ya kama hanta.

"Da bara aka kawo shi, da mun yanke mun ɗinke," in ji shi.

Bara kuwa yana shago yana haɗiyar maganin tsutsa. Malam Iro bai ga azumin shekarar ba.

Na je gaisuwa. Ina fitowa daga cikin gida 'yarsa Hadiza, matar Habibu, ta biyo ni zaure da wata baƙar leda. Ragowar maganin tsutsa ne, a jere a tsaftace. Ta ce ko akwai wani mai bukata, kada ya lalace. Habibu yana tsugune a gefe, idonsa ja.

"Hajiya," ya ce, kansa a ƙasa, "ranar nan ba shi ya fito ba. Daga cikin gida aka miƙo mini ta bayan labule. Raina ya ba ni wani abu. Amma yaya zan yi in tambayi Baba?"

Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Laifin na wanda ya aike shi ne, ya kuma ƙi buɗe kwalba.

Daga baya na sake aikin daga tushe. Maza, wanzamansu ke karɓowa. Mata, tsofaffin ungozomomi. Kwalba a cikin baƙar leda, ba suna a waje, ba mai miƙa wa wanda ya girma ko ya haifa. Aikin ya ci lokaci, don wanzami ba ya sauri kuma ba ka da ikon yi masa tsawa. Muka sami masu gyambon ciki, muka sami masu irin ciwon Malam Iro tun bai yi nisa ba, wasunsu har yanzu muna gaisawa a hanyar kasuwa. Na rubuta, aka buga a wata mujalla ta gida mai bangon da ke ɓallewa. In kun duba wayar taku za ku ga ba a cika ambatonta ba. Ta Dokta Bashir kuwa har yau ana kafa hujja da ita daga ƙasa zuwa ƙasa. Na aika wa mujallarsu bayani, suka ce in kawo shaida, shaidata kuwa na riga na zubar da ita a kwata. Shi yanzu babban mutum ne, ana gayyatarsa taro a jirgi. Sunan da kuke sha'awa ke nan, an gina shi a kan kashin yara.

Takardar neman izinin binciken da Dokta Sadik ya kawo mini ranar nan, a shafin farko da takardar Dokta Bashir ya buɗe. Malam Iro yana cikinta, an lissafa shi cikin masu tsutsa.

Shi ya sa da su Dokta Sadik suka tashi tafiya na shiga ɗaki na ɗauko kwalabe uku, na ba kowa ɗaya. Na ce kafin in koya wa mutum komai, sai ya kawo mini nasa, ya miƙo mini hannu da hannu. Suka yi dariya, suka ga ban yi ba, dariyar ta tsaya. Biyu daga ciki har yau ban sake jin ɗuriyarsu ba, in sun hango ni a asibiti sai su canza hanya.

Dokta Sadik ne kaɗai ya yi ƙoƙari. Bai zo da kansa ba, mai acaɓa ya aiko, kwalbar a naɗe cikin jarida, jaridar cikin ambulan, ambulan cikin leda, sunansa a jiki da kyakkyawan rubutu. Na buɗe. Rawaya ne, mai laushi, da ɗan tsamin nono. Ban ma wahalar da madubi ba, na jariri ne. Na kira shi a waya.

"Dokta, saƙo ya iso. Ka gaida mini mai jego."

Ya ce, "Hajiya, wallahi na yi niyya. Kunyarki ce ta hana ni."

"Na sani," na ce. "Irin wannan kunyar ce ta kashe Malam Iro. Amma shi tela ne, ba wanda ya rataya ransa a kan takardarsa. Kai kuwa za a rataya. In har yanzu kana son sana'ar, ka zo gobe da safe da tsohuwar riga, baho yana nan."